Ranar da Baba Ya Kwance Damin Mutane

Litinin, 19 ga Satumba 2022

Baba ya sake maido da tuwon. Loma uku, na ƙirga gurbin yatsunsa a jikin malmalar. Na tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba, ya ce ta yi, Allah shi yi albarka. Kullum amsar ke nan. Ko ƙasa na zuba masa a kwano haka zai ce.

Wata uku ke nan da na ɗauko shi daga ƙauyenmu can bayan Madawa, aka cire masa yanar ido, dama da hagu. Yanzu in allura ta faɗi shi ke tsinto mini ita. Amma mutumin sai ƙanƙancewa yake, mazagin wandonsa kullum ƙara tsawo.

Ɗahiru ya ce mini ɗazu, "Sa'a, babanki ba ciwo yake ba, gidan suruki yake." Na ce masa nan Boukoki ne, tsakiyar Yamai, ba ƙauye ba, kuma gidan nan da gumina a cikinsa. Mijin nan nawa ya iya shiru mai ba da haushi.

Laraba, 21 ga Satumba

Abdulkarim ya kira, ɗan ƙanen Baba da ke duba masa gona. Hatsi ya nuna, sati mai zuwa za su fara yanka. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu yana tambayar gonaki ɗaya bayan ɗaya, ta gindin gawo, ta bakin rijiya, ta Inna da ba a taɓa bari ta kwana ba shuka ba. Rabona da in ji muryarsa ta ɗaga haka tun ranar da ya zo.

Da aka kashe wayar ya ajiye ta a kan tabarma. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, likita ya ce har yaushe?" Malama yake ce mini. Ni ce 'yar fari, sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba. Na ce wata shida.

Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Likita bai ce ba. Tun ƙarshen Agusta ya sallame shi. Ni na ce.

Inna ta rasu bara da damina ina nan Yamai ina gyaran takardun jarrabawa, sai waya kawai na samu. Kafin kar, babbar motar haya, ta kai ni an binne. Ba za a sake yi mini haka ba. Ba zai koma ba, ko zai yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarsa. Wa zai dafa masa a can? Matar Abdulkarim da 'ya'yanta bakwai?

Juma'a, 23 ga Satumba

Ɗahiru ya koma cin tuwonsa a fada wurin abokansa, wai don Baba ya sake. Baba kuma ya ƙi ci, wai maigidan bai ci ba. Ni ce a tsakiya da kwanoni biyu.

Lahadi, 25 ga Satumba

Da safe na neme shi a ɗaki ban gan shi ba. Na fita ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Yana ƙofar gida a tsugune, jikin katangar maƙwabta, inda wani karan hatsi guda ya tsiro da kansa a bakin kwata. Yana yi masa noma da cokalina na shayi. Matan layi suna leƙe suna ƙunshe dariya. Na ji kunya, daga baya kuma na ji kunyar jin kunyar.

Na kira Mariyam, abokiyar aikina a lakwal, makarantar da nake koyarwa, 'yar Harobanda ce, ƙetaren kogi. Da na ba ta labari ta ce ai gona ba ta yi nisa ba. A haye gada, taksi ya kai mu inda gudron, wato kwalta, ya ƙare, daga nan sai ƙafa: akwai kurmi, bayansa gonaki, bayansu dutse mai shimfiɗaɗɗen kai wanda in an hau ana ganin Yamai gaba ɗaya. Tafiyar yini ce in ana tsayawa hutu.

To ga dabara. In kai shi ya ga gona, ya shaƙi ƙamshinta, ya ƙoshi da kallo, ya dawo hankalinsa ya kwanta. In ta kama duk Asabar in riƙa kai shi, kamar yadda nake ɗiga masa maganin ido.

Alhamis, 29 ga Satumba

Na sayo masa takalmin baskit a kasuwar Wadata. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce na 'yan ƙwallo ne, ya ajiye a gefe da ladabi. Nasa na taya zai sa.

Na haɗa kaya: ruwa gora uku, kujerar ninkewa, laima, burodi da sardin, maganin tansiyo na hawan jini, tawul. Ɗahiru ya tsaya a kaina ya ce, "Hajji za ku ko Harobanda?" Ya ce zai raka mu, sai kuma ya janye da kansa. "In na je ba zai buɗe baki ba."

Asabar, 1 ga Oktoba

Bayan magariba nake rubutu, ƙafafuna cikin bokitin ruwan ɗumi da gishiri. Baba ya yi salla ya kwanta. Ni ce dai nake nishi kamar wadda aka daka.

Mun fita bakwai saura. A kan gada ya leƙa ruwa ya ce, "Wanga ruwa duk wucewa yake, ba mai tare shi?" Mai taksi ya yi dariya, Baba bai yi ba, da gaske yake tambaya. Inda gudron ya ƙare muka sauka, na saɓa jaka, na rungumi kujera da laima. Shi sandarsa kawai.

Kurmin farko na dogon yaro ne da itacen turare, an dasa su layi-layi. Sanyi mai daɗi, ganye ya rufe ƙasa, tsuntsaye suna ta hayaniya a sama. Na ce, "Baba, ka ga itatuwa." Ya ce, "Na gwamnati na. Dibi yadda anka jera su kamar 'yan lakwal ɗinki." Ban ji daɗi ba, don ni wurin ya burge ni.

Sai da muka wuce su muka shiga dajin da ba wanda ya dasa, sannan mutumin ya canza. Sabara, geza, kalgo, aduwa, yana taɓa kowanne da sanda yana kiran sunansa kamar mai gaisawa da dangi a wurin suna. Ya karyo asawaki ya miƙo mini rabi. Ya tsaya gindin wani gawo ya ɗaga kai ya ce ya fara toho, damina ta yi sallama ke nan. Ni da nake koyar da yara yanayin ƙasa shekara goma sha tara, ban lura ba.

Muka zo wata ƙorama da ta ƙafe, yashinta da sauran danshi. Ya cire takalmi ya taka da ƙafa, a hankali, yana nutsa yatsu. Da muka haye ya dube ni, gumi ya jiƙa mini mayafi, kujera tana bugun ƙwaurina. Ya ce, "Kawo nan, Malama." Ya karɓe jakar da kujerar ya rataya. Mutumin da na zo yi wa jinya.

Daga nan gonaki suka fara, hatsi ya fi mu tsawo, hanya ƙarama tsakanin kara. Wake yana bin ƙasa, yakuwa a kan iyaka. Baba bai bar gona ɗaya ba sai da ya yanke mata hukunci. Wannan mai ita ya makara da noman farko. Waccan ta mace ce, dubi yadda aka cusa kuɓewa ko'ina. Wata kuma ciyawar nan mai jan fure, wuta-wuta, ta cinye rabinta, ya tsaya yana tuge ta da hannu har sai da na ja shi. Magana yake ba tsayawa. Abin da ya faɗa daga ƙorama zuwa nan ya fi abin da ya faɗa a gidana cikin wata uku.

Wajen sha ɗaya muka fito wata gona da aka riga aka yanke. An jera dami goma sha ɗaya a gefe, ga tarin zangarniya da ba a ɗaure ba, ga kaba a ajiye, ba kowa a wurin. Baba ya tsaya cak. Ya sa hannu ya ɗaga igiyar dami guda, zangarniya uku suka sulale ƙasa. Ya ɗaga na biyu, haka. Fuskarsa ta ɓaci kamar an zage shi.

"Wa ya ɗamre wanga? Kahin a kai shi gida rabi ya zube bisa hanya."

Na ce Baba mu wuce, gonar mutane ce. Ya ce, "Hatsi dai hatsi na." Kafin in sake buɗe baki ya sauke jakata, ya durƙusa, ya kwance damin mutane, ya baje shi a ƙasa.

Sai ihu daga bayan kara. "Zay!" Wannan kalmar Zabarmanci kowa a Yamai ya san ta, ɓarawo. Wani tsoho ya fito da sanda a ɗage, mata biyu daga gonar kusa suna biye da shi. Ni da Zabarmancina na kasuwa, wanda bai wuce cinikin tumatir ba, me ya fito daga bakina? "Fonda goy." Sannu da aiki. Ga mutumin da ke kiran ubana ɓarawo. Na hango mu a komisariya gaban 'yan sanda, ni malamar makaranta, ana tambayata me ya kawo ni satar hatsi da laima.

Baba ko kai bai ɗaga ba. Ya jawo gorar ruwana, wanda na kwana ina sanyaya shi a firigo, ya tsiyaye a kan kaba don ta yi laushi. Ya shiga jera zangarniya kai da gindi, wannan ta dubi gabas, waccan yamma, har ya yi daidai ta kowane ɓangare. Ya zagaya igiya, ya ɗora gwiwa, ya ja, ya murɗa, ya cusa bakin a ƙarƙashi, ba ƙulli. Ya sake a ɗaya gefen. Sannan ya miƙe ya ɗaga damin da igiya ya sake shi ƙasa tim. Ko ɗaya ba ta zame ba.

Sandar tsohon ta sauka a hankali. Matan suka matso suna dubawa.

Baba ya ce mini, "Hwaɗa mai, yaron da ya yi mai wanga ɗamri, yau a hana mai hura."

Ban kai ga fassarawa ba. Tsohon yana jin Hausa, ashe ya yi dako a kasuwar Yamai da ƙuruciya. Ya buga ƙirjinsa da hannun dama ya ce, "Ni ne yaron." Sai a lokacin muka lura da hannunsa na hagu, a sake yake, yatsun a lanƙwashe. Ya ce shekara biyu ke nan da ya mutu masa. Da hannu ɗaya yake ɗaurewa da haƙori, haƙoran ma saura huɗu.

Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya irin ta yau ba. Ya cire hula, ya tsuguna a gaban mutumin da bai girme shi ba, ya ce, "Ka gahwarce ni, bakina ya riga idona." Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce sunansa Zakari, kuma tunda baƙo ya kwance ɗaya, saura goma suna jira.

Haka aka yi. Suka kwance duka suka sake ɗaurewa, suka ƙara shida daga tarin. Zakari yana dannewa da ƙafa, Baba yana ja. Ba wata magana sai "riƙe" da "saki". Ni kuwa ina zaune a kan kujerar da na ɗauko wa marar lafiya, ƙarƙashin laimar da na ɗauko masa, kamar mai duba lebura.

Matar Zakari ta kawo fura a ƙwarya, aka hura wuta aka gasa tumu. Baba ya wanke hannu ya zauna a ƙasa. Na fara ƙirga ludayi, halina ne, na ɓace a goma sha huɗu. Ya ci tumu biyu, yana murzawa a tafi yana hure ƙaiƙayi yana watsawa a baki. Na yi murna har idona ya kawo ruwa. Na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba. Wata uku ina dafa masa nama da kaza, ga furar da ko sukari babu.

Zakari ya dube ni ya ce, "Ina kika aje shi?" Na ce Boukoki, a gidana. "Me yana yi can?" Na ce yana hutawa. Ya dubi damin da ke jere, ya dubi Baba, ya ce, "Wannan?" Na ji kamar in tashi in bar musu gonar.

Hannuna ya gaji. Sauran gobe.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Cinyoyina ba nawa ba ne yau. Da jan gindi na sauko daga gado. Baba kuwa tun da safe ya share tsakar gida.

Dutsen.

Sun yi azahar tare da Zakari a inuwar aduwa, ni a bayansu. Na ce mu juya gida haka nan, ya isa. Baba ya ce an ce masa akwai dutse, bai ga dutse ba. Zakari ya nuna mana hanyar awaki, suka yi musabaha sun daɗe ba su saki hannu ba.

Hawan ba wasa ba ne. Marmara ce baƙa, tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, ƙaya ko'ina, rana a tsakiyar kai. A rabin hanya numfashina ya ƙare, na zauna a kan dutse ina jin zuciyata a kunne. Maganin tansiyon da na ɗauko masa saura kaɗan in sha abina. Baba ya dawo baya, ya miƙo mini bakin sandarsa. Na kama, yana gaba yana ja. Wata uku da suka wuce haka na shiga da shi asibiti, ni a gaba, shi riƙe da bakin sandar nan, yana laluben matakala da ƙafa. Na san shi ma ya tuna. Ba wanda ya ambata.

Saman a shimfiɗe yake, duwatsu baƙaƙe da ciyawa da ta fara bushewa, iska tana kaɗawa har mayafina ya so tashi. Ga kogi can ƙasa yana sheƙi, ga gonakin shinkafa kore shar, ga gadoji, ga Yamai ta nutse cikin itatuwa. Na yi shekara ashirin da biyu a garin nan ban taɓa ganinsa haka ba. Na shiga nuna masa, can ne Boukoki wajen dogon ƙarfen nan, can Lazaret, can asibitin da aka yi maka aiki. Ya duba don kada in ji ba daɗi. Ya ce, "Gari ya yi girma." Sannan ya juya wa garin baya ya zauna yana kallon gonakin da muka ratso. Daga nan ana ganin damin Zakari ƙanana a jere.

Na buɗe sardin, ya ce ya ƙoshi. Na ɗauka dabarata ta ci, ga shi ya ga gona, ya yi aiki, ya ci abinci. Har na fara lissafin Asabar mai zuwa.

Sai ya ce, idonsa a kan gonaki, "Likitan nan mutumin Kwanni na."

Na ce na'am?

"Ranar da kika hita karɓo magani, ya yi min Hausa. Ya ce Baba idonka ya warke, ka tahi gida in ka so."

Ƙarshen Agusta ke nan. Sati biyar. Sau nawa ya tambaye ni likita ya ce har yaushe, sau nawa na dubi ƙasa na ce wata shida, yana cewa to. Da ƙyar na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ke kika rasa uwa. Na ce bari in zamna inda kike ganina, har zuciyarki ta kwanta."

Can ya ɗan juyo, ba duka ba, ya ce, "Ta kwanta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To." Ba fushi, ba roƙo. To kawai, irin wadda yake ce wa tuwona.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na isa gida na tarar an share ɗakin Inna. Shi kuma ya kawar da kai ya shiga yi mini bayanin awakin da ke kiwo a ƙasa, wai jar nan tana da ciki, baƙar kuma ba a ba ta gishiri. Haka ya yi ta yi har na share fuska. Sannan ya ce mu sauka, rana ta yi.

Mun biyo ta wata hanyar, ta cikin lambunan mangwaro, muka fito gudron la'asar sakaliya. A taksi barci ya ɗauke shi, ƙaiƙayi a gemunsa, tafin hannunsa duk kaba ta yanyanka. Ina sonsa, ina son tsohon nan har ban san inda zan sa kaina ba.

Litinin, 3 ga Oktoba

An koma lakwal. Yara saba'in da huɗu a ajina. Na rubuta kwanan wata a allo na tsaya ina kallonsa har wata yarinya ta ce Madam lafiya.

Mariyam ta tambaye ni yaya tafiya, dabara ta yi? Na ce ta yi.

Laraba, 5 ga Oktoba

Loma uku jiya, loma uku yau. Bai sake tayar da maganar ba. Da safe in na gaishe shi ya amsa, ya sa mini albarka, ya koma kan tabarma. Na ga yana shafa yankan kabar da ke tafinsa da babban yatsa. Da ma ya yi mini faɗa, da na samu abin riƙewa.

Na kasa haƙuri na faɗa wa Ɗahiru komai, har ƙaryar. Na shirya ya yi mini wa'azi. Ya ce, "Na sani." Takardar sallamar tana cikin aljihun jakar asibiti, da Faransanci ɓaro-ɓaro, ya karanta tun ranar. Ashe a gidan nan ni kaɗai ce ban san an sani ba. Maza biyu suna zagaya ni a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ɗaya yana cin tuwo a titi, ɗaya ba ya ci sam.

Na ce masa in Baba ya koma wani abu ya same shi fa, ina nan? Ya ce, "In ya zauna fa, kina nan kina kallo?" Na jefe shi da matashi. Bai kauce ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Abdulkarim ya kira, sun yanke ta bakin rijiya. Baba ya tambaye shi wa ke ɗauri. Da ya ji sunan sai ya rufe ido.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Bayan ya dawo masallaci na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Na yi niyyar neman gafara da dogon bayani, na tsara shi tun a aji. Abin da ya fito: "Baba, sati biyu. Ka ga an sa hatsi a rumbu ka dawo."

Ya ce, "To, Malama. Allah shi yi miki albarka." Albarkar yau ba irin ta kullum ba ce, na ji bambancin.

Da daddare ya cinye tuwonsa, ya aiko a tambaya ko da saura. Ɗahiru ya ba da nasa.

Na kira matar Abdulkarim na yi mata lacca a kan maganin ido, safe da yamma, ɗigo ɗaya, a wanke hannu. Ta ce to Yaya, to Yaya. Na san ta, sai na riƙa kira.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Kar ɗin Madawa ta tashi shida da rabi na safe. Baba ya samu wurin taga. Ɗahiru ya durƙusa ya yi masa sallama, Baba ya kawar da kai yana amsawa, su biyun kamar waɗanda aka kama da laifi. Ni bai ce mini komai ba sai "A yi ta haƙuri da yaran mutane." Da motar ta fara motsi ya ɗaga sandarsa kaɗan ta taga. Ban yi kuka ba sai da muka fito titi.

Gidan ya yi faɗi. Na dafa shinkafa ta yi yawa.

Maƙwabta sun tambaya, na ce sati biyu ne, zai ga an gama kaka ya dawo. Haka na ce wa Mariyam, haka na ce wa Abdulkarim. Sati biyu ne.

Ɗahiru ne ya ɗauki jakar zuwa mota da safe. Ya ɗaga ta, ya sauke, ya dube ni ya ce, "Sati biyu ke da nauyi haka?" Na ce ya yi sauri za mu makara.

Zafi ake yi yanzu, ko mayafi mutum ba ya so. Sanyi sai Disamba. Rigar sanyin da safa da bargon a can ƙasa na sa su, ƙarƙashin kayansa, inda ba zai gani ba sai ya isa gida.